Bunsurun Bikin Irene

Wai zaɓen shugaban ƙasa da ake yi can ƙetaren teku, a ƙasar da ko filin jirginta ba su taɓa takawa ba, shi ya raba Nicholas da Malam Isiyaku. Abin dariya, abin haushi!

Maƙwabta ne a unguwar Nasarawa ta Kaduna, katanga ɗaya tsakaninsu. Nicholas mutumin Filato ne, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri, Isiyaku kuwa tela. Tun 'ya'yansu na rarrafe, duk dabbar da za a ci a gidan Nicholas, Isiyaku ke yanka ta, don Musulmin layin su ci hankali kwance.

Kullum bayan la'asar suna kan benci ɗaya da rediyo. Sunayen 'yan takarar Turawan sun yi musu nauyi a baki, sai suka raɗa musu Dogo da Mai Gilashi. Dogo ya ce zai ci gaba da tura makamai ga wata ƙaramar ƙasa da maƙwabciyarta ta mamaye. Mai Gilashi ya ce a'a, ƙaramar ta haƙura da yankin da aka ƙwace, a daina zubar da jini.

"Ai Mai Gilashi ne mai hankali," in ji Isiyaku. "Ƙasa ba ta fi rai ba, Baban Irene."

"Haba Malam! A shigo maka gida, a ce ka bar wa ɓarawo ɗaki? Wannan maganar matsorata ce."

Kalmar ta riga ta fita. Isiyaku ya ɗauki butarsa ya shige gida, daga ranar har gaisuwa ta tsaya.

To ga bikin Irene, 'yar Nicholas ta fari, ya matso. An sayo bunsuru ƙato mai gemu, an ɗaure a tsakar gida. Nicholas ya rasa sukuni. Mahauta ba su ƙare a Kaduna ba, amma in ba hannun Isiyaku ba, kowa a layin zai san an ɓata, masu zuwa su zo a ɗarare, wasu ma su aiko da uzuri. Kuma gaskiya yana kewar mutumin, kewa mai tsanani.

Scholastica, matarsa, ba ta raga masa ba. "Kai da ka san yadda za a kashe wutar yaƙin Turawa, ka kasa tsallaka katanga? Su Dogon sun san da zamanka a duniya?"

Ran Juma'a da hantsi ya ja bunsurun zuwa ƙofar Isiyaku. Ya ɗaure shi a jikin turken rumfa, ya tsaya yana jera kalmomin ban-haƙuri a zuci. Wallahi ban-haƙuri da nauyi yake a bakin dattijo! Yana can yana jerawa yana rushewa, bai lura igiyar ta yi tsawo ba. Bunsurun ya miƙa wuya cikin ɗan lambun zogalen da Isiyaku ke ji da shi kamar jika, ya hau ci ba bismilla.

Isiyaku ya fito da tef a wuya, ya ga ta'asa.

"Innalillahi! Zogalena! Wannan ai mamaya ce, Baban Irene! Janye sojanka!"

Nicholas ya buɗe baki zai ba da haƙuri, sai wata magana ta riga shi fitowa. "Ka bar masa rabin da ya ci mana, Malam, a zauna lafiya. Zogale bai fi rai ba."

Isiyaku ya dube shi, ya dubi bunsurun da ke tauna yana kaɗa gemu. Ya so ya ɗaure fuska, leɓensa ya ƙi. Dariya ta ƙwace masa har sai da ya dafa rumfa, Nicholas ma ya biye masa, hawaye na zuba.

"Ka yafe min, Malam. Bakina ne ya yi gaggawa."

"Ya wuce. Amma wannan ɗan mamaya, ba sulhu tsakanina da shi. Gobe da asuba zan zo da wuƙata."

Ran Asabar layin ya cika maƙil, 'yan coci da kayan anko, matan Musulmi da mayafansu, ganga na tashi. Su dattijan biyu kuwa suna gefe sun koma musu, kowa na rantsuwa ɗan takararsa ne zai ci.

Wata Hajiya da ta zo daga Unguwar Sanusi, baƙuwa a layin, aka miƙa mata faranti. Ta riƙe shi ba ta taɓa ba, ta matso kusa da uban amarya ta rage murya.

"Baba, don Allah kada ka ji haushi. Wa ya yanka?"

Nicholas ya kamo hannun Isiyaku ya ɗaga sama, farin ciki ya cika masa ƙirji.

"Ci ki ƙoshi, Hajiya. Ɗan'uwana ne ya yanka."