Muryar Ladan Yari

Laifin Ɗanmusa ɗaya ne: ya fifita kyan aikinsa a kan alkawari.

Ran da ya iso garin Isa daga Legas, da lambar yabo naɗe cikin jaka, ya tarar an fiddo Malam Yari zaure don ya sha iska. Katanga ɗaya ta raba gidajensu. Shekara talatin Yari ya yi yana kiran salla a masallacin unguwa.

Bara ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Gwamnatin jiha ta ce ta aiko da hatsin agaji, ba wanda ya ga ƙwaya. Yari ya gani, don shi ke riga kowa fita da asuba. A kan idonsa manyan motoci sunka sauke buhuna gidan wani babba. Ɗanmusa, da ke aikin rediyo, ya zo da rikoda. Yari ya yarda bisa sharaɗi: a ɓoye sunansa, wani ya karanta maganarsa. Ɗanmusa ya ce to. Da ya saurari kaset ɗin, sai ya ji ba mai faɗinta kamar mai ita. Ya cire suna, ya saki murya.

Hatsi ya fito, anka raba har ƙauyukan Tozai da Kamarawa. Mako bai cika ba anka ce wa Yari ya tsufa, ya huta da ladanci. Tun daga nan jiki ya ƙi.

Yanzu a zauren, Ɗanmusa ya durƙusa gefen tabarmar Yari. "Baba, sannu da jiki."

"Wa ke nan? A'a, mai rediyo! An ce sun ba ka kyauta."

"Lamba ce, Baba, ta binciken da munka yi. Taka ce." Ya warware, ga katako da farantin tagulla.

Tani, matar Yari, ta leƙo ta bayan asabari. "Dahwa ta aka yi, ko jiƙawa?"

Ɗanmusa ya sunkuyar da kai. "Ban faɗi sunanka ba, Baba."

Yari ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Shekara talatin ina tada su daga kwana. Jakin maƙwabcinmu Labbo ma ya san muryata."

"Amma mutane sun ci."

"Sun ci, alhamdu lillahi. Da ka tambaye ni, wataƙila in ce saki. Ba ka tambaya ba."

"Ka yafe mani, Baba."

Yari ya gyara kwanciya. "Wanda yas sauke ni na yahe mai, tsoro yaj ji. Kai kau, taho gobe. Yau na gaji."

Washegari da hantsi Ɗanmusa na sa takalmi ya ji kukan Tani ta kan katanga. Kafin azahar an kai Yari makwancinsa.

Ga abin da Ɗanmusa ya rasa. Ya rasa yafiyar da ya zo nema. Ya rasa gaisuwar Tani, wadda ta goya shi yana jariri. Ya rasa bakin mutanen Isa, don duk wanda ya tambaya yaya gari, amsa ɗaya ce: "Lahiya lau."

Wurin zaman makoki dattawa na maganar gajimaren da ya taso ta wajen Sabon Birni. Da Ɗanmusa ya zauna, sai anka yi shiru. Tabarmar cike take, amma dama da hagunsa akwai wurin mutum guda guda.