Ragowar Iri

A ofishin hasashen damina akwai taswirar nahiyar gaba ɗaya manne a bango, an caccake ta da ƙusoshi masu jan kai. Kowace ƙusa tashar auna ruwan sama ce. Wasu tashoshin sun mutu shekara da shekaru, ba wanda ya damu ya cire ƙusoshinsu. A ƙarƙashin taswirar nan teburinta yake, ita kaɗai mace cikin maza tara. Kowace safiya ƙarfe takwas alƙaluma za su shigo daga tashoshi, ta haɗa su da hotunan tauraron ɗan adam, ta ga inda hadari ya kwana a tafiyarsa daga teku zuwa tudu. A garinsu Malamar Hadari suke ce mata, don ba'a. Ta karɓi sunan, ba ta taɓa sunkuyar da kai saboda shi ba.

Abin da ta hango bana bai yi mata daɗi ba. Ruwa zai faɗo da wuri, mai ƙarfi, kwana biyu ko uku, sai iskar teku ta ja da baya. Daga nan kusan sati uku ko ɗigo babu. Ta rubuta rahotonta, ta rufe shi da layi ɗaya: kada a yi shuka da ruwan farko.

Shugaban sashe ya karanta, ya zare tabarau.

"Ƙanwata, layin nan ya yi nauyi. Mu namu faɗin yiwuwa ne. Sa 'ana iya samun ɗan tsaiko'."

"Ranka ya daɗe, manomi bai san tsaiko ba. Ko ya shuka, ko ya bari."

"In farin bai zo ba fa? Wa zai sha kunyar?"

"Ni. Sunana ne a ƙasa."

Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa yarinya mai baki, ya ja biro a kan layin. Abin da rediyo ta karanta ke nan, ɗan tsaiko.

Ta fita baranda ta kira Babanta. Bara fari ya cinye musu gona, rumbu ya koma ɗakin ɓeraye. Abin da ya rage a gidan irin gero ne kwano goma sha biyu, ya ɗaure a buhu ya rataye a ɗakinsa, ya hana kowa taɓawa ko ranar da ba a ɗora tukunya ba. In irin nan ya tafi, bana ba su da gona.

"Baba, ruwa zai sauka cikin satin nan. Kada ka shuka."

"Uwata, ruwa ya sauka kuma in naɗe hannu?"

"Na yaudara ne. Zai ɗauke."

Ta ji an fizge wayar. Muryar Baffa ce, wan Babanta.

"Malamar Hadari! An ce yanzu makullin sama yana jakarki?"

"Ba ni da makulli, Baffa. Leƙe kawai nake ta taga."

"To a yi ta leƙe. Mu tun ba a yanke miki cibi ba muke tura hannu cikin ƙasa. In danshi ya haɗiye hannu har wuyansa, shuka ta yi. Ko kwamfutarki tana da hannu?"

Aka yi dariya a can bayansa. Da wayar ta koma wurin Baba, muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, "Na ji, Uwata. Zan jira."

Ranar Alhamis ruwa ya ɓalle. Tashar da ke kusa da garinsu ta aiko milimita arba'in da ɗaya cikin kwana biyu. Mazan ofis suka riƙa wucewa ta teburinta suna tambaya, "Ina farin naki ya tsaya, ko mota ce ta lalace masa?" Kwana na biyar tashar ta aiko sifili. Na shida sifili. Na goma, na sha uku. Masu tambaya suka daina bi ta teburinta. Ita kuwa ba ta ji daɗin komai ba, gaskiyar da ta faɗa ta zame mata dutse a ƙirji.

Kwana na sha shida ta shiga mota ta tafi gida. Ta taga take ganin gonaki, tsiro ya fito kamar tsawon yatsa ya ƙone a tsaye. Ta sauka kafin gari ta bi ta gonarsu, don ta ga baƙar ƙasa wadda ba a taɓa ba, hankalinta ya kwanta.

Sai ta tarar da layuka. Kowane rami da busasshen tsironsa.

Baba yana tsugunne a bakin gona, Baffa a gefensa ya ɗora haɓa a kan sanda. Baffa ya ɗago ya ce, "Sannu da hanya, Malama."

"Baba, ka ce za ka jira."

"Na jira kwana biyu." Ya miƙa hannunsa na dama yana kallonsa kamar na wani. "Na tura shi, Uwata. Har gwiwar hannu danshi ya kai. Shekara hamsin bai taɓa yi min ƙarya ba. Kuma rediyo ta karanta takardar ofishinku, ba ta ce kada a shuka ba."

Ta durƙusa ta tuge tsiro uku, suka karye a hannunta kamar tsinken tsintsiya. Ta ƙulle su a gefen mayafi.

A gida Baba ya kira ta ɗakinsa, ya jawo wani tsohon gwangwani daga ƙarƙashin gado, ya buɗe. Irin gero ne a ciki, kwano biyu.

"Hannuna ya karɓi goma. Bakinki ya hana ni biyu." Ya mayar da murfin. "Ba za su rufe fiye da kusurwa ɗaya ta gonar ba. Amma ke za ki faɗi ranar."

Ta koma bakin aiki, ta kwance gefen mayafi, ta zube tsiron nan a kan teburin shugaban sashe, kusa da sabon rahotonta. Ya kalle su, ya kalli biro, ya sa hannu bai goge komai ba.

Kullum da safe Baba zai kira. "Yau?" Ta ce a'a. Kwana na ashirin aka yi yayyafi, milimita tara, masu sauran iri suka fita gona. Ta ce a'a. Ta ji numfashinsa a waya, sannan ya kashe.

Kwana na ashirin da biyar ta ga iskar teku ta dawo da nauyinta, tashoshi suna jiƙewa ɗaya bayan ɗaya suna hawowa. Ita ta kira shi.

"In ruwa ya sauka gobe, ka shuka jibi."

"Kin tabbata?"

"Ba mai tabbata, Baba. Cikin goma, bakwai."

"Sauran ukun fa?"

"Mu ɗauke su tare."

Ruwa ya sauka, Baba ya shuka. Geron ya tsiro, ya tsaya da ƙafarsa a kusurwa ɗaya, sauran gonar fili fetal. Ta san daminar gajera ce, ta san abin da za a girbe ba zai kai su wata uku ba. Ta faɗa masa haka ba ta rage ba. Ya ce, "To. Kwano sha biyu na farko na rataya ne, ba na tukunya ba."

Ƙarfe takwas ta buga. Ta jawo kujera ƙarƙashin taswira, alƙaluma suka fara shigowa.