Rasit a Ƙarƙashin Dutsen Guga

Shekara goma sha huɗu Mai Guga yana aiki a ɗakin wankin otal, kuma babu abin da ya tsana a duniya kamar yamutsattsen abu. Matarsa kan ce ranar da ta fara tamoji a fuska, to ta san dutsen guga zai bi ta kanta.

Bara wata ƙungiya ta ba shi tallafi, ya sayi injin wanki ya buɗe ɗan shago a ƙofar gida. Bana kuwa yana jiran a mayar masa da rarar harajin da aka yanka daga albashinsa. Da ita ya yi wa Inna, mahaifiyarsa, alkawarin tabarau, don idonta ya kai ga sai da murya take gane jikokinta.

A ofishin haraji ma'aikaciyar ta duba takardunsa ta ce, "Malam, tallafin nan kuɗin shiga ne a wurinmu. In babu rasit da zai nuna kayan sana'a ka saya da shi, harajinsa zai cinye rarar taka kaf."

Ya koma gida ya birkice akwati har ya samo rasit ɗin, a cukuikuye kamar an tauna. Shi kuwa a ce ya kai wa hukuma abu haka? Ya shimfiɗa shi a tebur, ya ɗora dutsen guga sau ɗaya tak. Da ya ɗaga, takardar ta miƙe sumul, amma ta yi baƙi ƙirin. Ashe irin takardar nan mai santsi da injin kanti ke fitarwa ba ta shiri da zafi. Kantin da ya sayi injin ma tuni ya tashi.

Ya zauna ya yi tagumi. Matarsa ta leƙo, ta danne dariya ta ce, "Kira Yaya mana."

Yaya ita ce babbar yayarsa, wadda ba ta ganin abu ta ƙyale shi. Ranar da aka kawo injin ta ɗauki hotonsa, ta ɗauki na rasit, ta watsa wa dangi don kowa ya san farashi. Sati guda ya yi yana fushi da ita.

"Au, yau an tuna da mai tona asirin gida?" in ji Yaya a waya.

"Yaya, ki rufa mini asiri."

"Sai ka ce na iya ɗaukar hoto."

"Wallahi kin iya."

Washegari ya buga hoton a takarda, ya riƙe ta gam a layin ofishin haraji har gumi ya jiƙa ta. Ma'aikaciyar ta gwada kuɗin da ke rasit da na takardar tallafin, ta buga hatimi ta ce rararsa na nan daram. Ta kai hannu za ta miƙar da takardar da ta yamutse.

"Bar ta haka, ranki ya daɗe," in ji shi, yana sauke numfashi.

Bayan sati uku Inna ta ɗora tabarau a hanci. Ta daɗe tana kallon ɗanta, shi kuma daɗi ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa. Can ta kama wuyan rigarsa ta ce, "Kai, ɗan nan, ashe da yamutsattsiyar riga kake yawo?"