Sifana da Surukinsa a Gidan Rediyo

Shekara tara ke nan da Sifana ya auri Auta, amma bai taɓa faɗin kalmar Turanci a gaban mahaifinta ta wuce lafiya ba. In ya ce "burki", tsohon ya ɗaga yatsa ya ce ba haka masu harshen suke faɗi ba. In ya ce "sitiyari", sai ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da Turanci a sakandare, ya yi ritaya, amma bai ajiye jan biro ba. A bayan ido kowa Malam Ƙamus yake ce masa. Sifana dai Baba yake ce masa, kai a sunkuye.

Shi Sifana bakanike ne, garejinsa na bayan tashar mota. A aji biyu na sakandare ya bar makaranta, abin da surukinsa bai taɓa mantawa ba. Amma in ana maganar ƙwallon ƙafa, to nan fa an zo gidansu. Shekara goma sha biyu yana hura usur a gasar unguwanni, an jefe shi da takalmi, an bi shi da gudu har gida, bai taɓa janye hukuncin da ya yanke ba.

Wata ranar Laraba sai ga Aku, mai gabatar da shirin wasanni a gidan rediyo, an turo motarsa ta ƙi tashi. Sifana yana wanke kafireto yana musu da wani direba a kan satar gida. Ya jera fulogi huɗu a kan bonet, ya ce waɗannan 'yan baya ne, ya ɗauko noti ya ce wannan ƙwallo, cikin minti biyu direban ya sallama.

Aku ya ce, "Kai nake nema. Ran Asabar da safe za mu yi shiri a kan kalmomin Turancin da masu sharhin wasa suke jefa wa mutane. Masu sauraro su bugo waya su tambaya, kai ka warware musu. Ka zo ƙarfe tara."

Daɗi ya hana Sifana riƙe bakinsa. Da yamma da suka je gaida tsohon shi da Auta, sai ya faɗa. Malam Ƙamus yana zaune a kujerarsa ta falo, bayansa kantar littattafai, ya sauke tabarau zuwa kan hanci.

"Turanci? A rediyo? Kai?"

"Na ƙwallo ne kawai, Baba."

"Babu wani Turanci na ƙwallo. Turanci ɗaya ne. So kake ka je ka kunyata mu a kunnen duniya, a ce surukin wane ne? Ni zan je. Ka zo ka ɗauke ni takwas da rabi."

Sifana ya dubi Auta. Auta ta dubi silin. Ya san tsohon nan bai taɓa kallon wasa daga farko zuwa ƙarshe ba. In ya tarar da jikokinsa suna kallo, cewa yake ƙattai suna bin fata. Amma ta ina mutum zai fara gaya wa uban matarsa haka? Ya ce, "To, Baba."

Ran Asabar tsohon ya fito da kwat da laktaye, rungume da ƙamus mai nauyin batirin babbar mota. Aku ya yi turus da ya ga baƙon da aka kawo masa, amma da ya ji "shekara talatin da biyar", sai ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, ya ja shi cikin ɗakin watsa shiri. Sifana aka bar shi a kan benci a baranda, ƙarƙashin wata lasifika da ke maƙale a bango.

Gaskiya, da farko tsohon ya burge. Ya ce Turanci harshe ne da ke rubuta harafi ya hana a furta shi, kamar mai gayyatar baƙo ya hana shi magana. Kalmar wuƙa da ta gwiwa duk da "k" suke farawa, amma wanda ya furta ta ya tona wa kansa asiri. Ya ce "fawul" biyu ne, kunne ba ya raba su: ɗaya kaza ce, ɗaya keta ce a wasa. Ya ce dandalin dambe suna kiransa zobe, alhali kusurwa huɗu gare shi kamar akwati. Aku yana ta ƙyaƙyata dariya. Sifana ma ya saki jiki, ya ce a ransa ƙila a rabu lafiya.

Sai aka buɗe layin waya.

Mai kira na farko ya ce, "Malam, mene ne hat-tirik?"

Aka ji ƙarar takarda. Tsohon bai ma kai ga shafin ba ya rufe, don a ganinsa wannan ba ta kai a duba ba. "Kalma biyu ce. Ta farko hula, ta biyu dabara. Dabarar hula. Wato ɗan wasa ya yaudari abokin karawarsa da hularsa."

"Malam, ai ba a sa hula a ƙwallo."

"Shi ya sa ba kasafai ake yin ta ba. Na gaba."

Sifana ya dafe kai.

Wata mata ta bugo ta ce ɗanta gola ne, kullum sai ya dawo yana murna wai ya yi kilin-shiti, me ke nan?

"Hajiya, ki gode wa Allah," in ji Malam Ƙamus. "Zanen gado mai tsabta ke nan. Ma'ana yaronki ya daina fitsarin kwance."

Matar ta ce ɗan nata shekararsa ashirin da shida, da matarsa. Tsohon ya ce to ai gara da ya daina.

Daga nan abin ya ɓalle. Sitiraika, mai kai hari a gaba, ya zama ɗan wasan da ke yajin aiki. Suwifa, ɗan bayan da ke gaban gola, ya zama mai sharar fili bayan an tashi. Da aka tambaye shi me ake nufi in an ce ƙungiya ta yi fakin ɗin bas, sai ya ce wannan tambayar direbobi ce, amma dai a daina ajiye mota a bakin ƙofa. Masu kira suka daina tambaya don neman sani, suka koma yi don nishaɗi. Wani ya bugo bai iya cewa komai ba sai dariya, har aka katse shi. Ta gilashin ƙofa Sifana yana hango Aku ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa suna rawa. Tsohon kuwa ya ɗauka nasara yake yi, sai ƙara gyara laktaye yake.

Wayar Sifana ta yi ƙara. Auta ce.

"Kana ji kuwa? Maƙwabta sun cika mini tsakar gida da rediyo. Don Allah ka yi wani abu."

"Me zan yi? In shiga in ɗauko shi a kafaɗa?"

"Ni dai ka san yadda za ka yi. Ubana ne."

Sifana ya sauka ƙarƙashin matakala, inda masu shara ke ajiye bokiti. Ya ciro tsumman goge hannu daga aljihu, ya naɗe bakin wayar, ya buga lambar shirin. Dabararsa mai sauƙi ce: zai riƙa saka wa tsohon amsa a baki, a siffar tambaya, shi kuma ya ce "haka ne" ya fita kunya. A karo na huɗu layi ya shiga. Ya shaƙe murya kamar mai mura.

"Ranka ya daɗe, na san wasa kake yi da su ɗazu. Ai hat-tirik shi ne mutum ɗaya ya ci ƙwallo uku a wasa guda, ko ba haka ba? Kilin-shiti kuma a tashi wasa ba a zura wa gola ko ɗaya ba. Fakin ɗin bas kuwa, ƙungiya ta koma baya gaba ɗaya ta toshe raga, kamar an gindaya mota."

Sifana ya ƙara manna wayar a kunne. Kalma biyu kawai ake nema.

"Malam mai kira," in ji tsohon a hankali, "a ina ka tsaya a karatu?"

"Ban yi nisa ba, ranka ya daɗe."

"Na ji alama. Wanda bai iya furta kalma ba, shi zai gaya mini ma'anarta? Ba 'shiti' ba ce. Ka ja wasalin, ka daina liƙa mata wutsiya. Irinku na sani. Ina da suruki haka. Mutumin kirki ne, ba na hana shi, amma in ka buɗe kansa ba abin da za ka tarar sai baƙin mai da noti. Shi ma da na ƙyale shi, da yanzu yana nan yana faɗin irin wannan shirmen."

Shekara tara Sifana yana gyara wa tsohon nan mota, yana kai shi asibiti, yana haɗiye "ba haka ake faɗi ba". Ya dubi bokitin masu shara. Ya san abin da ya dace shi ne ya kashe wayar.

Bai kashe ba.

"Na gode, ranka ya daɗe. Tambaya ɗaya ta rage, ba ta Turanci ba. Mutum nawa ke buga wa kowane ɓangare?"

Takarda ta yi ƙara. Ta sake yin ƙara.

"Wannan ya danganta da girman filin."

"A ƙiyasce dai."

"Ashirin. Ko ƙasa da haka kaɗan."

"Sha ɗaya ne, Baba!"

Da muryarsa ta gaskiya ta fito, tsumman ma ya riga ya faɗi ƙasa. Kalmar ƙarshen nan kuwa, duk wanda ya taɓa kawo mota garejin ya gane mai ita. Aku ya yi wuf ya saka talla.

A hanyar komawa tsohon ya zauna a baya, abin da bai taɓa yi ba, ƙamus a cinya. Sai da suka tsaya a ƙofar gida ya ce, "Sigina ta hagu ba ta aiki." Ya fita ya rufe ƙofa.

Auta ta yi kwana biyu ba ta yi wa mijinta magana. Ta ce ceto ta aike shi, ba yanka ba. A rana ta uku tana wanke kwanuka sai ta ce, "Ya danganta da girman filin," ta fashe da dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta share ido ta ce ya shirya su je ya ba da haƙuri. Ya je ya durƙusa. Tsohon ya ce ya yafe, amma ya sani cewa a jimlar ban haƙurin nasa akwai kuskure biyu.

A gareji kuwa ciniki ya buɗe. Mutane suna kawo motocin da lafiyarsu ƙalau don kawai su ce, "Sha ɗaya ne, Baba," su ga yadda zai yi. Sifana bai ji daɗin wannan ba ko kaɗan. Ya kori mutum biyu.

Aku ya zo da kansa. Ya ce tunda aka buɗe tashar ba a taɓa samun kira irin na ranar ba, manaja yana so a mai da shi shiri na kowane mako, su biyun tare. Sifana ya ce ko a mafarki tsohon ba zai yarda ba. Aku ya ce ai daga gidan tsohon yake, ya riga ya yarda, da sharaɗi biyu: a fara gabatar da shi, kuma a rubuta "mai taimaka masa" a gaban sunan surukin.

Ran Alhamis da hantsi Sifana yana ƙarƙashin wata tasi, sai ya hango takalma baƙaƙe masu sheƙi sun tsaya kusa da ƙafarsa. Ya fito da sauri yana goge hannu. Malam Ƙamus ne, karo na farko a shekara tara da ya tako garejin. Ya duba hagu, ya duba dama, ya tabbatar ba kowa kusa.

"Wannan abin da suke cewa satar gida. Na san shi sarai. So nake in ji ko kai ka fahimce shi."

Sifana ya share masa benci. Ya tattaro abin da ya samu a akwatin kayan aiki, ya jera a ƙasa, ya yi bayani. Tsohon ya ce ya sake. Ya sake. A karo na uku tsohon ya ciro ƙaramin littafi daga aljihun kwat, ya juya baya kaɗan, ya yi rubutu.

"To, in ɗan wasan yana cikin rabin filinsu fa lokacin da aka bugo?"

"Babu laifi, Baba."

"Haka ne," in ji tsohon, yana mai da littafin aljihu. "Ka ci. Ba ka da laifi, da ka samu malami tun da wuri. Ran Asabar in an yi wannan tambayar, ni zan amsa. Kai ka riƙa gyaɗa kai."

"Baba, ai rediyo ne. Ba mai ganin kai."

"Ni ina gani."

Ya tashi ya kaɗe kwat, ya tarar da baƙin mai ya riga ya kama masa bayan wando. Sifana ya gani, ya buɗe baki, sai kuma ya rufe. Ya raka shi har bakin titi ya tsayar masa da tasi.