Zakaran da Ya Haɗiye Sarƙar Inna Dije

A Ƙafin Maiyaki ba wanda ya taɓa jin Balarabe mai gyaran rediyo ya ce bai iya abu ba. Ka kai masa agogo ya buɗe, ka kai masa keken ɗinki ya kwance shi ya baje a tabarma, in ya gama haɗawa ya miƙo maka ƙusoshin da suka rage ya ce dama ƙari ne. Mutum ɗaya ce ke kashe masa baki, surukarsa Inna Dije, mahaifiyar matarsa Zubaida, Bafulatana da ke zaune a ruga can bayan Ba'awa.

Tun da aka ɗaura auren nan gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ita ma daga nesa. Shi yana tsugune yana kallon ƙasa, ita ta kawar da kai tana amsawa kamar da bango take. Kowa ya san suruki mai shanu ta so, sai Allah ya ba ta mai sukundireba. Abin yana ci wa Balarabe rai ƙwarai, duk da ba ya faɗa.

Rannan Zubaida ta dawo daga ruga da ƙullin tsumma. Sarƙar lu'ulu'u ce, tsarabar Makka da marigayi mijin Inna ya kawo mata. Zaren ya tsinke, hayaƙi da man shanu sun dusashe ƙwayoyin, wasu duk sun kakkarce. Inna ta ce a nuna wa mai gyaran nan ko zai iya. Wannan ne karo na farko da ta nemi wani abu a hannunsa, don haka ya rantse a ransa sai sarƙar ta fi sabuwa.

Ya gwada omo, ya gwada toka, ya gwada man goge baki. Ya ɗiga wa ƙwaya ɗaya lemun tsami, ta yi kaushi. Ranar kasuwa ya lallaɓa wurin Sha'aibu, tsoho mai sayar da murjani da jigida. Sha'aibu ya jujjuya ƙwayoyin, ya ce fataken da ba sa wahalar da kansu, zakara suke ba wa ya haɗiye, ƙundu ya goge musu tas, sannan su yanka su ciro.

"Amma fa daga hantsi zuwa azahar," in ji shi. "In ka bari ya wuce, ƙundu bai san kayan Makka ba, niƙa zai yi."

Ko Sha'aibu ya taɓa ganin an yi, ko shi ma labari ya ji, Allah masani. Balarabe dai bai tambaya ba. Washegari da hantsi ya kama babban jan zakaran gidan, ya riƙa cusa ƙwayoyin cikin lomar tuwo yana ɗura masa, ya ɗaure shi a gindin rumbu, ya tafi shago. Bai gaya wa Zubaida ba, don ya san irin dariyar da za ta yi masa.

Da aka kira azahar ya shigo gida da wuƙa a hannu, ya tarar da igiya ba zakara. Zubaida ta tare shi da fara'a, ta ce Inna ce ta biyo daga asibiti, ita kuma da ta ga ya ɗaure zakara ta san tanadin tsohuwa ya yi, sai ta ba ta shi da sunansa. Ta ƙara da cewa Inna ta sa albarka sosai, kuma tuni ɗan acaɓa ya wuce da ita.

Balarabe ya soke wuƙar a aljihu, ya tada babur.

Ya iske Inna Dije zaune a ƙofar bukka tana wanke ƙwarya, zakaran na gefe ɗaure a turke yana ta miƙa wuya. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna. Aka shiga gaisuwa: ya gida, ya shanu, ya damina, ya masu jiki, ya gajiyar hanya, aka gama aka sake daga farko. Duk lokacin da zakaran ya motsa, sai Balarabe ya saci kallonsa, ya tuna ƙundu na can yana niƙa. To amma ta ina suruki zai buɗe baki ya ce a ba shi kyautar da ya yi?

Ya yi dabara ya ce ko zai yanka mata shi kafin ya koma, tunda ba namiji a kusa. Inna ta ce wa ƙwaryarta a'a, wannan zakara ba na tukunya ba ne, na iri ne, kyautar farko ba a cinye ta. Amma tunda baƙo ya zo har da wuƙarsa, ga wata baƙar kaza can, ya kama ya yanka a yi masa miya.

Haka Balarabe ya yi ta zagaye garke yana bin kazar da ba ta haɗiyi komai ba, inuwa tana ta tsawo. Da ya kama ta, ya tsaya da ita a hannu yana haki. Ya ga in ya yi shiru sarƙar marigayi ta zama gari, in ya yi magana ya zubar da ɗan mutuncin da ya rage masa. Ya saki kazar, ya dawo ya durƙusa, ya ɗaga kai ya dubi surukarsa.

"Inna, ki gafarce ni. Sarƙarki tana cikin zakaran nan. Ni na ɗura masa."

Inna Dije ta ajiye ƙwarya. Ta dubi zakaran, ta dube shi, ta sa ya maimaita. Ya maimaita, har da bayanin Sha'aibu. Sai ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suka shiga rawa, dariya ta ƙwace mata har da hawaye. Balarabe ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Aka yanka zakara, ita da kanta ta tsaga ƙundun. Ƙwayoyin suna nan cikin tsakuwa da tuwo. Wadda ta sha lemun tsami ta riga ta farfashe, sauran sun ɗan rame, amma da ta ɗauraye su sai ga haskensu ya fito. Ta daɗe tana juya su a tafin hannu, sannan ta ƙulle su a tsumma ta tura gabansa, ta ce ya je ya ƙarasa aikinsa, ya nemi zare mai ƙwari.

Ya miƙe zai tafi, ta ce ya zauna. Da miya ta nuna, ta zubo a akushi ta kawo da kanta, ƙundun a sama. Rabon maigida ne, kuma tun rasuwar mijinta ba ta sake ba wa kowa shi ba.

"Ci, ɗan nan," ta ce. "Ba na kallo."

Ta juya masa baya ta ci gaba da wankin ƙwaryarta. Balarabe ya sa hannu a akushin, ya ɗauki ƙundun.