Birkin Gaba

A yi wa mai wannan rubutu afuwa. Ba ta taɓa rubuta labari ba, ba ta ma iya tuƙa keke ba, balle ta sa baki a harkar maza da injuna. Abin ne ya ƙi barin ta ta zauna lafiya.

Babur ɗin Muzzammil yana tsaye a tsakar gida kamar akuyar da aka feɗe. An cire fitila, an cire madubai, an cire ƙarfen ɗaukar kaya. Har birkin gaba an kwance, yana can rataye a ƙusa a garejin Lawali bakanike, wanda ya ce duk abin da ba ya ƙara gudu nauyin banza ne.

Kowace shekara, da an gama girbin gero ƙasa ta tsane, 'yan kabu-kabun Gwandu da na Kalgo, masu haya da babur, sukan yi tsere biyar, Asabar bayan Asabar. Bana an yi biyu, ɗaya a Gwandu, ɗaya a Masama, kuma duka Muzzammil ne ya cinye. Kamal, wanda ke tura sharhin tsere ta waya, tuni ya yanke wa kakar tseren hukunci. Ko'ina ka bi a kasuwa muryarsa ce ke tashi: "Bana ta Gwandu ce, jama'a! Injin Lawali, hannun Muzzammil. 'Yan Kalgo su koma noman shinkafa!"

Fatiha, ƙanwar Muzzammil, ba ta taɓa taka filin tsere ba. Shekararta goma sha bakwai, kuma in baƙo ya yi sallama ita ce farkon shigewa ɗaki. Amma duk bidiyon da yayanta ya tura wa wayar Inna ta kalle shi ya fi sau ashirin, tana tsayarwa, tana mayarwa baya, tana rubuta daƙiƙoƙi a bayan littafinta na makaranta. Ba don komai ta fara ba sai don alfahari da shi. Tana so ta san da nawa ya fi kowa.

Abin da ta samu bai yi mata daɗi ba. A miƙaƙƙiyar hanya yana tsere wa kowa da daƙiƙa huɗu. Amma da ya iso kwana, inda hanya ta lanƙwasa, sai ya zubar da biyu, yana jan ƙafa a ƙasa, tayar baya tana zamewa, domin birkin baya kaɗai gare shi. Filin Gwandu da na Masama duk doguwar hanya ce mai jar ƙasa mai tauri, kwana ɗaya tak, ita ma mai faɗi. Ta nemo bidiyon bara na Kalgo, inda za a yi tsere na uku. Can hanyar gangarawa take yi zuwa fadama, kwana uku ne, ta ukun kuma tana ƙasan gangare, cikin yashi, gab da kwalbatin siminti. Shamsuddeen na Kalgo, wanda ya zo na uku sau biyu har ana yi masa dariya, ba ya zubar da ko daƙiƙa ɗaya a kwana.

Kwana uku maganar tana bakinta ta kasa fitowa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Lawali ya biyo Muzzammil gida cin tuwo. Gwaggo Mairama, ƙanwar mahaifinsu, ta zo daga Dalijan, tana zaune kusa da Inna suna ɓarar gyaɗa. Fatiha ta ajiye kwanon ruwa za ta juya, sai Muzzammil ya riƙe gefen hijabinta.

"Tsaya, malamar lissafi. Oga Lawali, ka san wannan ta fi Kamal sanin tsere? Duk gudun da na yi yana cikin littafinta. Faɗa masa da tazarar nawa zan ci gobe."

"Sake ni, Yaya."

"Sai kin faɗa. Ko kina son ɗan Kalgo ne ba mu sani ba?"

Lawali ya yi dariya har da ƙwarewa. Fatiha ta janye gefen hijabinta. Ta dubi ƙasa, ta ce a hankali, "Ba za ka gama ba."

"Mi kika ce?"

"Kwana ta uku a gangare take, ga yashi. Babu birkin gaba, babur ɗin ba zai tsaya maka ba. Za ka faɗi a wajen kwalbatin nan, Yaya. A mayar da birkin."

Gyaɗar da ke hannun Gwaggo ta zube a tabarma.

"A'uzu billahi!" Inna ta miƙe tsaye. "Ke! Ɗan'uwanki za ki yi wa wanga baki, ana gobe zai hau? Tofar da yawu!"

"Inna, ba fata nake yi ba. Na ƙirga ne, bari in ɗauko..."

"Ba abin da za ki ɗauko. Tofar, na ce!"

"Tofar, ɗiyata," in ji Gwaggo. "Baki ba abin wasa ba ne."

Fatiha ta dubi Lawali, ko shi da ya san ƙarfe zai ce wani abu. Yana can yana suɗe miya a yatsa, fuskarsa a ɗaure. A gabansa aka kushe aikinsa, kuma mace ce ta yi, yarinya ma.

Ta juya gefe ta tofar.

Nan take gidan ya saki. Inna ta sauke ajiyar zuciya ta koma kan tabarma. Gwaggo ta shafa addu'a ta hau tsince gyaɗarta. Muzzammil ya ɗan dunguri kan Fatiha, ya ce Allah ya shirye ta. An kashe mugun baki, an huta. Ba wanda ya sake ambaton birki, domin ambatonsa tamkar lashe yawun da aka tofar ne.

Da safe ta same shi a zaure yana ɗaure igiyar takalmi.

"Yaya, don Allah, ko a garejin ka biya..."

"Ba kin tofar ba? To magana ta mutu." Ya yi murmushi, amma bai kalle ta ba. "In na mayar da shi yanzu, Inna za ta ce na yarda da bakinki. Oga Lawali kuma ya ce na raina shi. Wanne kike so in ɗauka?"

Ya tura babur ɗin waje, ya tayar, ƙarar ta cika lungu.

Bayan La'asar wayar Inna ta yi ƙara. Fatiha tana wanke-wanke, ba ta ji abin da aka faɗa ba, salatin Inna kawai ta ji. Ta ci gaba da cuɗa kwanon da ya riga ya fita.

Sai washegari da hantsi suka isa asibiti a Kalgo. Muzzammil yana kwance a miƙe, an ɗaure masa wuya, rabin fuskarsa a kumbure. Likita ya tsikari tafin ƙafarsa da bakin biro, ya tambaye shi ko ya ji. Ya ce a'a. Aka gwada ɗayar. Ya ce a sake, wataƙila bai lura ba. Aka sake. Likitan ya ja Inna gefe, Fatiha ta ji kalma biyu kawai: ƙashin baya.

Da idon Muzzammil ya faɗa kanta, sai ya mayar da shi ga silin.

Ta fito baranda. Matan Gwandu da suka zo dubiya suna zaune a jere, Gwaggo a tsakiyarsu, ba su lura da ita a bayan ginshiƙi ba.

"A gabana ta faɗa. Har wurin ta ambata, kwalbati," in ji Gwaggo.

"Ba a sa ta tofar ba?"

"Ta tofar. Amma sai da aka yi ta fama da ita. Ya riga ya shiga."

"Irin masu shirun nan, bakinsu ba ya faɗuwa ƙasa. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu."

Can ƙarƙashin dalbejiya maza sun kewaye Lawali. Kamal yana riƙe da waya a bakinsa yana ɗaukar sabon sharhi: tsautsayi ne, jama'a, tsautsayi, kuma yanzu kaka ta koma hannun Shamsuddeen, shi dama tun farko ya hango haka. Da ya gama sai wani ɗan Kalgo mai jar riga ya matso.

"Oga Lawali, wai gaskiya ne ƙanwarsa ta faɗa tun ranar Juma'a?"

"Ta faɗa."

"Ikon Allah. Tana nan? A tambayar mana ita mana, wa zai ci tsere na gaba, na Dodoru?"

Fatiha ta jira ta ji ko wani zai tambayi me ta gani, ko don me ta faɗa. Kamal ya ce in an same ta zai ɗauki muryarta, jama'a za su so su ji. Lawali ya ce tana ciki wajen uwarta, ya tashi zai leƙa.

Takalmanta suna ƙofar ɗakin, daidai inda zai bi. Ta bar su a nan. Ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, ta bi ta bayan ɗakin shan magani, ta fita ta ƙaramar ƙofar da masu kawo abinci ke shigowa. Ƙasa ta fara zafi. Ba wanda ya waiwayo.