Man Ayu na Gaske

Shekara talatin da ɗaya Malam Jibirilla yana sayar da man ayu a bakin kasuwar New Bell, amma bai taɓa ganin ayu ba. A kan tabarmarsa akwai ƙayar beguwa da ƙahon gada da wata busasshiyar hawainiya wadda ya ƙi sayarwa, don yana son yadda ta naɗe wutsiyarta. A gaba kuma ƙananan kwalaben man ayu ne a jere. Kitsen saniya ne a ciki. A mayanka yake karɓo shi, ya narka a bayan rumfa, ya zuba kanumfari da ɗan kafur. Haka ubangidansa ya koya masa, kuma ko matarsa Nana Hadiza bai taɓa gaya wa ba.

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, bankin da ɗansu yake aiki a Bonanjo ya sallami ma'aikata, har da shi. Maganin gwiwar da yake saya wa uwarsa a kantin magani ya gagara. Nana Hadiza ta koma yin salla a zaune.

Wata safiya ta ce, "Malam, kana sayar wa matan gari maganin sanyin ƙashi, taka matar tana dafa bango kafin ta kai tsakar gida. Kawo mini kwalba ɗaya mana."

"Wanda ke hannuna ya tsufa."

"Ni ma na tsufa. Sai mu haɗu."

Ya yi dariya, ya ɗauki hularsa ya fita. Zai iya miƙa wa baƙuwa kitsen saniya yana kallon ƙasa. Amma ya durƙusa gaban Nana ya shafa mata ƙarya da hannunsa, tana yi masa godiya, wannan ya kasa. Ya faɗa mata gaskiya kuwa, ya fi kasawa. Sai ya ga hanya ɗaya ta rage, ya samo na gaske.

Ya hau bensikin, babur ɗin haya, zuwa Yupwe inda masunta ke sauke kifi. Can ya sami Bakari, wani masunci ɗan Kusiri da suke haɗuwa a masallacin Juma'a, yana ɗinkin raga. Ya faɗa masa abin da ya kawo shi.

Bakari ya ce, "Baba, ayu ba kifi ba ne da zan ce ka dawo gobe. Lokacin da na zo garin nan, a kowane lungu sai ka ji numfashinsu. Yanzu duba can." Ya nuna gaɓar da ke tsallake, inda kututture suka tsaya cikin laka. "Itatuwan matanda ke nan, masu tsirowa a bakin ruwa. Duk wanda aka kora daga ofis ya sayi adda. Wasu na sara, wasu na haƙar yashi. Ciyawar da ayu ke ci ta mutu. Kuma an hana kama shi, ka sani."

"Na sani."

"Akwai wata mace ɗaya a wani lungu. Shekara huɗu muna gaisawa da ita. Ba ta taɓa yaga mini raga ba."

"Don matata ne, Bakari. Ba ta iya sujada."

Bakari ya ci gaba da ɗinki har ya kai ƙarshen layi, sannan ya ce zai aiko.

Bayan kwana tara saƙo ya zo. Da hantsi shi da Bakari suka shiga kwalekwale, ruwa ya janye, laka tana wari. Malam Jibirilla ya riƙe gefen jirgin da hannu biyu, zuciyarsa cike da ɗoki irin na yaro. Tun yana ƙarami yake jin cewa ayu rabinsa mutum ne, kuma yana kuka da hawaye. Sau da yawa ya zana shi a bayan kwali, kowane zane daban.

Suka sami ayun a cikin ruwan da bai wuce gwiwa ba, raga ta naɗe ta, mashin da wani ƙanin Bakari ya soka mata yana bayanta. Ba ta yi kama da ko ɗaya cikin zanensa ba. Fatarta toka-toka ce kamar tsohuwar tukunya, gansakuka ta tsiro a gadon bayanta. Idanunta ƙanana, leɓenta mai gashi yana motsi kamar na tsohuwa mai lazimi. Ya sunkuya ya ga farce uku a bakin hannunta, ya dubi nasa. A hammatarta akwai nono, wani farin abu yana fita yana bajewa cikin ruwa.

Sai ya ji wani siririn sauti a bayan jirgin. Wani ƙaramin kai ya ɓullo, ya ja iska, ya nutse, ya sake ɓullowa kusa da ragar.

Bakari ya ce a hankali, "Ban san ta haihu ba. Wallahi ban sani ba."

"A sake ta."

"Baba, dubi inda mashin ya shiga. Ko mun sake ta, ba za ta kai la'asar ba. Kai ne malami a cikinmu. Ka yi bisimilla a gama mata."

Shi ya yi bisimillar, da muryar da bai gane tasa ce ba. Har suka gama fiɗa suka juya jirgi, ɗan yana zagaya wurin. Ya bi su ɗan nisa, yana taɓa katakon da hanci, sannan ruwa ya yi zurfi suka daina ganinsa.

Da yamma ya shiga gida da kwalbar giya da aka wanke, cike da mai ruwan ɗorawa. Nana Hadiza tana kan tabarma, ta miƙe ƙafafu. Ta buɗe kwalbar, ta miƙa masa murfin, ta sansana, ta yamutsa fuska.

"Malam, an cuce ka. Wannan ƙarni yake yi. Man ayu ƙamshin kanumfari gare shi, shekara nawa ina wanke rigunanka. Mayar musu, ka kawo mini naka."

Ya tsaya riƙe da murfin. Abu ne mai sauƙi ya ce to. Maimakon haka ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarmar ba, ya faɗa mata komai. Ya fara da mayanka da ubangidansa, ya zo kan Bakari da mashin da farin abin da ya baje cikin ruwa. Bai ɗaga kai ba sai da ya gama.

A maƙwabta wani rediyo yana magana da Faransanci.

"Ni na riƙa tura maka ƙawayena," ta ce. "Zaituna har goro ta kawo mini, wai ta ji sauƙi."

"Na tuna."

"Ɗan ya isa cin ciyawa?"

"Bakari ya ce bai isa ba."

Ta juya kwalbar a hannunta, ta dubi man yana gangarawa a jikin gilashin.

"Da ka tambaye ni, da na ce ka kawo kitsen saniyar. Gwiwa ce kawai." Ta miƙa masa kwalbar, ta janye zanenta zuwa gwiwa. "Shafa. Ba za a kashe ta kuma a zubar ba."

Ya matso ya zuba a tafinsa. Man yana da sanyi, gwiwar tana da zafi. Ya riƙa shafawa a hankali, ita kuma ta juya fuskarta wajen bango.